Inna Mairo Tsakanin Yunwa da Wuƙar Likita

Sunana Hajara. A Taba aka haife ni, a Kudan na yi aure, a nan kuma tsufa ya same ni. Kwanakin baya na ji jikokina suna hirar wata mata da aka yi wa aiki a ciki don ta rage ƙiba, suna ta mamaki wai sabon abu ya shigo ƙasa. Na ce musu ba sabo ba ne. Mu mun gamu da shi tun ba a daɗe da samun mulkin kai ba, lokacin ana kashe fam da sule. Suka matsa in ba su labari, na ce sai dai a rubuta, ko wani gida ya amfana, domin mahaifiyata ce aka yi wa.

Mairo sunanta, mu muna ce mata Inna. Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa: Yaya Garba, wanda ya yi makarantar boko har ya zama akawu a ofishin En'e na Ikara, sai ni auta. Babanmu ya rasu ina ƙarama, Inna ba ta sake aure ba. Da tanda ta riƙe mu. Wainarta ta yi suna, ranar kasuwar Makarfi har aike ake yi daga can. Ban taɓa saninta siririya ba. A garinmu kuwa jikinta abin alfahari ne. In ta fito biki, mata sai su ce, "Mairo ta ji daɗi, marayu ba su ci ta ba." Ita ma takan yi dariya ta daki cinyarta.

Ba mu san ranar da abin ya tashi daga daɗi ya koma ciwo ba. Da farko salla ce ta koma yi a zaune. Sai ta daina zuwa rijiya. Sai aka kira magini ya faɗaɗa ƙofar ɗakinta. Kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango, in barci ya ɗauke ta ta yi minshari mai ƙarfi, ya yanke ɗif kamar an toshe ta, sannan ta zabura tana haki. Ruwa kuwa tana sha kamar an zuba a rairayi. Duk inda ta yi fitsari, kiyashi ya taru. Mun gani, ba mu san ma'anarsa ba.

Wata safiya, ban fi shekara da aure ba, aka aiko Kudan cewa in zo. Barci ne ya sace ta a gaban tanda da rana tsaka, ta kife, tafasasshen mai ya kwarara a cinyarta. Na tarar an shafa mata ɗanyen ƙwai da zuma. Muka yi ta wanki muna ɗaurewa. Ƙunar da ya kamata ta bushe a mako biyu sai ta zama gyambo, tana ruwa, tana wari. Mai ba da magani a disfensa ta Makarfi ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta babban asibiti a birni.

Tafiyar kanta azaba ce. Gaban lori bai ɗauke ta ba. Maza suka kafa katako suka tura ta baya, aka shimfiɗa mata tabarma tsakanin damman rake, na zauna na riƙe kanta a cinyata. A asibiti muka wuni a layi, rana ta faɗi ba mu ga likita ba, muka kwana a baranda, washegari muka sake bin layi. Da aka zo auna nauyinta, sikelin ɗakin ya kai ƙarshe bai isa ba. Sai aka tafi da ita bayan kicin, inda ake auna buhunan hatsi. Masu dafa abinci suka bar aikinsu suna kallo. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Da muka fito ta ce min a hankali, "Auta, yau an auna ni kamar dawa."

Likitan Bature ne, dogo, mai gashi a hannu. Yaya Garba, wanda ya same mu a asibitin, shi yake yi mana tafinta. Ya ce tana da ciwon sukari, shi ya hana gyambon warkewa. Sannan ya faɗi wata magana da ta zauna min har yau: zuciyarta ta mutum ɗaya ce, amma kayan mutum uku take ɗauka, kuma ta fara gajiya.

Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a kwantar da ita a asibiti, a auna mata abinci, a sa mata ido, in ta samu sauƙi ta koma gida ta ci gaba da wannan awon har ƙarshen ranta, tana dawowa duk wata. Ta biyu, akwai wani aiki da aka fara yi a ƙasarsu, shi ma ya iya. Baifas ya kira shi. Za a buɗe ciki, a tsallake yawancin hanji, a haɗa na sama da na ƙasa, abinci ya riƙa wucewa bai zauna a jiki ba. Ya ce aikin sabo ne, yana rage jiki sosai, amma akwai waɗanda yake wahalarwa daga baya. Bai ɓoye ba, wannan shaida zan yi masa ko a gaban Allah. Sai dai "wahalarwa" kalma ce ƙarama, ba ta nuna mana girman abin da ke cikinta ba.

Magana irin wannan ba ta yankuwa sai da Kawu Malam Idi, yayan Inna, mai makarantar allo a Kurmin Kogi. Ya zo da Gwaggo Tabawa, ƙanwar babanmu. Aka zauna ƙarƙashin mangwaron asibiti.

Yaya Garba aikin yake so. Ya ce, "Kawu, na san Inna, na san garinmu. Ba za ta iya wannan awon ba. Gara a yi abu ɗaya a gama."

Kawu yana jan carbi ya ce, "Garba, hanjin nan da za a taɓa, akwai ciwo a cikinsa?"

"Babu, Kawu."

"To neman magani halal ne, ban hana ba. Amma a sa wuƙa a wurin da yake lafiya, alhali ga wata hanya ba a gwada ba, zuciyata ba ta kwanta ba."

Gwaggo ta ce duk biyun hauka ne. A cewarta ba ƙiba ba ce, jifa ne daga masu baƙin cikin ciniki, a mai da ita gida a yi mata jiƙo da turare. Wane ne ya taɓa jin an warkar da mutum da yunwa?

Da muka koma ciki aka tambayi Inna. Ba ta kiran sunan Yaya Garba, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce Akawu. Ta ce, "Akawu, ka gaya wa Baturen nan zan ji yunwar. Na yi azumi tun kafin a haife shi."

Makon farko ban yi zaton za ta kai ƙarshensa ba. Tuwo ɗan dunƙule kamar hannun jariri, zogale ko rama ba ƙuli ba mai, ɗan nama mara kitse, shayi ba sukari. Babu fura, babu kunu mai zaƙi, babu rake. Kanta ya yi ta sara. Ta zage ni, ta zagi asibitin, ta ce in kwashe kayanmu. Matar da ke gadon kusa ana kawo mata shinkafa da miya, Inna sai ta juya fuska bango tana hawaye.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rahila, mutuniyar kudancin lardi ce, Hausarta tana da ɗan lanƙwasa. Allah ya saka wa matar nan. Ita ke wanke gyambon da hannunta ba ta yamutsa fuska. Ta koya min yadda zan ɗaga naɗin fatar Inna in wanke in tsane in sa hoda, domin duk ƙarƙashin ya saɓule. In lokacin cin abinci ya yi, sai ta kawo nata kwanon, zogale irin na Inna, ta zauna bakin gado ta ce, "Mama, mu ci tare, ni ma ina son in shiga zanen aurena." Inna tun tana harararta har ta fara dariya.

A mako na uku ƙishirwa ta ragu. Gyambon ya fara jan baki. A na huɗu ta kwanta a kan haƙarƙarinta ta yi barci ba ta zabura ba. Kafin a cika wata biyu tana takawa har bakin ƙofar asibiti ta dawo, ta kuma yi raka'a biyu a tsaye, ta sallame tana kuka. Likita ya tafa hannu. Aka sallame mu da sharaɗin a ci gaba da awo, a dawo duk wata. Awakin da take kiwo duk an sayar da su saboda kuɗin wannan zaman, amma ba mu ji zafi ba. Mun ɗauka an gama.

A gida ne aka kayar da mu, kuma ba maƙiya ne suka yi ba.

Ranar da muka sauka gidan ya cika. Duk wadda ta shigo ta ga fatar hannun Inna tana reto sai ta rushe da kuka. "Wayyo Mairo, me suka yi miki?" Kowace da ƙwaryarta: fura da nono, nakiya, alkaki, mazarƙwaila sabuwar sauka. Na tsaya a ƙofa ina karɓa ina ba da haƙuri ina cewa likita ya hana. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu a Taba cewa 'ya'yan Mairo sun yi boko sun hana uwarsu abinci. Har a rijiya aka faɗa min a fuska. Gwaggo Tabawa ta same ni a madafa ta ce, "Ke Hajara, ki ji tsoron Allah. Matar da ta ciyar da ku da guminta, ita kike auna wa tuwo da ludayi?"

Inna ta yi ƙoƙari, kada wani ya ce ba ta yi ba. Amma sana'arta suya ce. Tana zaune gaban tanda tun hantsi, ƙamshi yana dukan hancinta, ga shi dole ta ɗanɗana ƙullu. Kuma a wurinmu in aminiya ta dama miki fura ta tsaya a kanki, ƙin sha cin fuska ne. Sai ta kurɓa don kunya. Gobe ta kurɓa biyu.

Ni kuma ina da ciki, mijina ya yi haƙuri har ya gaji, dole na koma Kudan. Damina ta sauka, hanya ta yanke, lori ya daina shigowa. Wata na farko ba a je asibiti ba, na biyu ma haka. Babu wanda zai tambaye ta, babu wanda zai ci zogale tare da ita. Da kaka ta yi na zo na same ta jingine da bango kamar da, ƙafafu sun kumbura suna ƙyalli, gyambon ya sake buɗewa, ga wani sabo a ɗan yatsan ƙafa. Ta fi yadda take kafin mu je.

Wannan karon ita ta aika a kira Kawu. Ina wurin, ina matsa mata ƙafa.

Ta ce, "Yaya Malam, ka yafe min, wuƙar nake so."

Ya ce, "Mairo, hanyar farko ta yi aiki. Da idona na ga kin yi salla a tsaye. A sake komawa."

"A asibiti ta yi aiki. A asibiti zan zauna har in mutu? In yi faɗa da cikina, in yi faɗa da Tabawa, in yi faɗa da duk wanda yake ƙaunata, kullum, safe da yamma? Na gaji, Yaya. A yi min abin da ba sai na ce wa kowa a'a ba."

Kawu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Jikinki ne, ke kike ɗauke da shi. Allah ya sa a dace." Ya yi mata rubutu ya wanke da hannunsa ya ba ta.

Aka sayar da fadamar raken da babanmu ya bari. Likita da ya gan ta ransa bai yi daɗi ba. Ya ce yanzu haɗarin ya fi na da, ya kwantar da ita makonni don sukarin ya sauka. Sista Rahila ta ja ni gefe ta ce, "Da za ku bar ta a nan wurina wata uku, da na fi so." Na gaya wa Inna, ta ce ta riga ta yanke.

An shiga da ita da safe, ba a fito ba sai bayan la'asar. Ta farfaɗo. Ɗinkin ya kama, duk da ya yi ruwa a gefe ɗaya. Yaya Garba ya yi sadaka da rago. Watanni biyun farko sai hamdala: jiki yana zubewa, numfashi ya buɗe, gyambon duka biyu suka rufe, kiyashi ya watse. Muka koma Taba. Wanda duk ya kawo fura ta karɓa ta sha a gabansa, kowa ya ji daɗi, Gwaggo har da guɗa.

Sai dai akwai zawo. An gaya mana zai zo ya wuce. Ya zo, bai wuce ba. Duk abin da ta ci, kafin ta wanke hannu ya nemi fita. Ta daina zuwa gidan suna, ta daina zuwa gidan gaisuwa, don kunya. Na haihu a tsakanin nan, na yi wankan jego a ɗakinta, ina wanke zanen jaririya da na uwata a kwano ɗaya. Jijiyoyin ƙafarta suka riƙa ɗaurewa har ta yi ihu. Gashinta ya riƙa biyo mataji. Ramar da muka yi ta roƙo ta zo, ta kai inda muke so, ta wuce, ta ƙi tsayawa.

Muka koma asibiti. Baturen wa'adin aikinsa ya cika, ya tafi ƙasarsu. Wannan shi ne ƙorafina da ba zan janye ba: an yi mata aikin da mutum ɗaya ne ya san kansa, kuma ba wanda ya gaya mana mutumin yana shirin tafiya. Da mun sani, wataƙila da shawarar ta canza. Wanda muka tarar matashin likita ne ɗan ƙasa, mai kirki, ya yi iyakar yinsa. Ya sa mata ƙarin ruwa, ya ba da ƙwayoyi da allurai, ta ɗan farfaɗo, muka tafi gida, bayan makonni muka dawo. Haka muka yi ta safa da marwa tsakanin Taba da birni har rani ya ƙare. Sai idonta ya yi rawaya, cikinta ya fara tara ruwa alhali sauran jiki ƙashi ne. Mutanen gari suka ce ciwon shawara ne, aka kawo saiwoyi. Likitan ya ce hanta ce ta gaza. Yaya Garba ya tambaye shi ko za a iya mayar da hanjin yadda yake. Ya ce ana iyawa, amma ba a jikin da ya kai haka ba, ba za ta tashi daga kan tebur ba. Ya ce mu kai ta gida cikin 'yan uwanta. Sista Rahila ta rako mu har bakin mota, ta rungume Inna.

A makonnin ƙarshe ni kaɗai nake ɗaga ta in juya ta, da hannu ɗaya ma. Wata aminiyarta, Hajiya Delu, da suka yi shekaru suna ciniki a kasuwar Makarfi, ta zo dubiya. Ta yi sallama ta shigo ɗakin, ta gaishe ni, ta gaishe da tsohuwar da ke kwance a tabarma da ladabi irin na baƙo, ta zauna. Sannan ta dube ni ta ce, "Ina Mairon take? Ko an sake mai da ita asibiti?"

Na juya na dubi tabarmar. Inna ce ta buɗe ido ta ce, "Delu, ga ni nan. Abin da ya rage ke nan."

Hajiya Delu ta toshe baki da mayafi ta fita tsakar gida. Muna jin kukanta.

Ranar wata Alhamis da hantsi Inna ta cika, Kawu yana karanta mata Yasin, kanta a kan cinyata. Ba ta kai shekara hamsin ba. A zaman makoki mutane suka kasu. Masu cewa wuƙar Bature ce ta kashe ta, da masu cewa yunwar farko ce ta lalata mata ciki. Ban ji wanda ya ambaci ƙwaryar fura ba. Yaya Garba bai sake zancen ba har ya bar duniya. Kawu kuwa, in an tayar da maganar, sai ya ce kwana ne ya ƙare, ya tashi ya bar wurin.

An ce aikin yanzu ba irin na da ba ne, an gyara, mutane da yawa suna samun lafiya. Ban musa ba, ni ba likita ba ce, kuma ba zan ce wa kowa yi ko bari ba. Abin da na gani shi zan faɗa. Wanda zai bi hanyar wuƙa, ya tambayi likita ƙarara: bayan shekara ɗaya, in abu ya ɓaci, wa zan tarar a ɗakin nan? Kuma ya sa a fassara masa kowace kalma har ƙasa. Wanda zai bi hanyar awon abinci, ya sani ba shi kaɗai ne mara lafiyar ba, gidan ne gaba ɗaya. In ba za a canza tukunya saboda shi ba, in maƙwabta ba za su iya zuwa dubiya hannu sake ba, to wahala kawai zai sha. Ku masu zuwa gaishe da mara lafiya, in an ce muku an hana shi abu, ku mayar da ƙwaryarku gida. Ba raini ba ne.

Inna ta gwada hanya biyun, kowace ta shige ta da ƙarfin hali, kuma a kowace an bar ta ita kaɗai a tsakiya. Allah ya jiƙanta, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara. Wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a da sunanta: Mairo 'yar Malam Hamidu, ta Taba.